Lita Casa'in da Uku a Duram na Biyu

Ranar Asabar da safe aka buɗe duram na biyu, ɗaya daga manyan gangunan da ake juya fata a ciki, a kamfanin jimar fata na Alhaji Zakariyya da ke Challawa, aka tarar da ɓarna. Fatun awaki dubu biyu aka zuba ranar Juma'a, jajaye masu kyau daga Sakkwato, amma abin da ya fito ya yi kama da gandar da aka manta a kan wuta. In ka ɗaga fata, sai rabinta ya rage a hannunka.

A ƙa'ida, lita goma sha takwas na asid famfo ke zubawa a wannan matakin. Allon kwamfuta kuwa ya nuna lita casa'in da uku, da ƙarfe ɗaya da minti shida na ranar Juma'a. Sunan da ke buɗe a kan allon a lokacin na Ishaya ne.

Akwai wata al'ada a kamfanin tun kafin a san kwamfuta. Ranar Juma'a Musulmi su tafi masallaci, Kiristoci su riƙe duram. Ranar Lahadi a juya. Ba a taɓa rubuta wannan a takarda ba, kuma ba a taɓa samun matsala ba. Ishaya mutumin Kagoro ne, shekararsa goma sha tara yana riƙe Juma'ar. To kafin azahar ɗin Asabar, mutanen da suka sha shayi tare da shi da safe sun fara cewa dama su sun daɗe ba su yarda da shi ba. A bakin ƙofa har an fara cewa "su" da "mu", alhali mutum ɗaya ake zargi. Alhaji ya dakatar da shi, ya ce ranar Alhamis zai miƙa shi ga 'yan sanda.

Sai dai 'yan sanda za su nemi shaida a rubuce, shi kuma Nura, mai kula da kwamfutocin kamfanin, ya ce bai iya ciro ta ba. Shi ya sa ranar Talata aka aika unguwar Sharada a kirawo Aina'u, injiniyar kwamfuta.

Daga Bompai har Challawa, mai bin sawu ake kiranta. Sauran masu gyara, in kwamfuta ta rikice, sai su goge komai su sake zubawa. Ita kuwa sai ta ja kujera ta bi abin daki-daki har ta ga inda ya faro, ko da mai kamfani zai yi ta duba agogo. Ba ta cika haƙuri da mutane ba, amma lamba in ta zo a karkace, sai ka ga fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir.

"Takarda kawai nake so, Injiniya," in ji Alhaji. "Wadda za ta nuna wane ne, da ƙarfe nawa."

"To, ranka ya daɗe. Bari in ga abin da kwamfutar ta ce."

Malam Abdullahi, shugaban ma'aikatan duram, ya tsaya a bayanta yana leƙe. Shi ya fara kiran sunan Ishaya ranar Asabar, kuma bai gaji da maimaitawa ba. Aina'u ta buɗe tarihin aikin injin, ta koma baya mako uku, sai ta tsaya.

"Ba sau ɗaya ba ne. Juma'a uku ke nan a jere lambar tana canzawa. Ta farko arba'in da ɗaya, ta biyu bakwai, ta uku casa'in da uku. Sau biyun farko wani ya mayar da ita goma sha takwas kafin famfo ya fara zuba."

"Kun ji ko, Alhaji?" in ji Malam Abdullahi. "Gwaji yake yi. Duk ranar da muka ba da baya."

Aina'u ta juyo. "Malam, in ku ne za ku ƙona fata, za ku rage asid zuwa lita bakwai?"

"Ni ba na ƙona fata."

"Na sani. Tambaya ce kawai."

Akwai wani abin da ba ta faɗa ba. Duk sanda mutum ya canza lamba da hannunsa, manhajar tana rubuta layi: wane ya canza daga kaza zuwa kaza. A waɗannan ukun babu layin. Lambar dai ta tashi da wata fuskar, kamar ba wanda ya taɓa ta. Abin ya ba ta sha'awa ƙwarai, har ta ɗan ji kunyar jin daɗinta, tunda mutuncin wani ne a ciki.

Da la'asar ta hau adaidaita zuwa Na'ibawa. Ta sami Ishaya a tsakar gida kan benci, sanye da takalmin robar aiki duk da ba inda za shi. Matarsa Tabita ta kawo ruwa ta ajiye, ta koma bakin ƙofar ɗaki ta tsaya.

"Baba Ishaya, ranar Juma'a kun taɓa allon?"

"Na buɗe da sunana da sha biyu da rabi, kamar kullum. Daga nan ban koma ba. Mu uku ne a kan duram huɗu, 'yata. Ni da kunne nake aiki, in duram ya canza ƙara na sani."

"Ba ku ji warin asid ya yi yawa ba?"

"Na ji, bayan an riga an rufe. Na faɗa wa Malam Abdullahi da ya dawo. Ya ce kwamfuta ba ta kuskure, hancina ne ya tsufa."

"An ce kun yi faɗa da shi satin da ya wuce."

"Mun yi. A kan fata ne, ya ciro ta daga ruwan farar ƙasa ba ta isa ba. Shekara goma sha tara muna irin wannan faɗan, mu gama mu ci wake da shinkafa a kwano ɗaya."

Tabita ta ce, "Shekaranjiya a coci mutane biyu sun tambaye ni wai da gaske ne. A coci fa."

Aina'u ta rufe ɗan littafinta. "Da kuka gaya wa Alhaji duk wannan, me ya ce?"

Ishaya ya kalle ta ya ɗan yi murmushi. "Ai ba wanda ya tambaye ni komai. Ke ce ta farko."

Washegari ta fara da ɗakin janareto, don ta ji ana raɗe-raɗin cewa Baba Idrisu mai kula da janareton yana da mukullin kowane ɗaki a kamfanin, kuma shi ma ya taɓa samun saɓani da Alhaji. Ta tarar da tsoho yana goge injin da tsumma kamar mai shafa doki. Minti biyar da fara hira ta cire shi daga zargi, domin ko wayarsa sai ya miƙa wa wani ya karanta masa saƙo.

"Baba, me ke canzawa a nan ranar Juma'a?"

"Ba komai. Sai dai in ofis ya watse, na kashe babban injin na tayar da ƙarami, in babu wutar Nepa. Yaushe rabon da a ga wutar ma? Ƙaramin yana jan duram, amma ba ya jan iyakwandishan."

"Tun yaushe kuke haka?"

"Wata guda ke nan, da Alhaji ya ce a riƙa hutar da babban. Ni nake fita kusan ƙarshe, in dangwala yatsa a ƙofa in ruga masallaci." Ya jawo katin da ke rataye a wuyansa ya nuna mata cike da alfahari. "Kin ganni nan, da ni aka buɗe kamfanin nan. Ni ne lamba bakwai. Shida da ke gabana, huɗu sun riga mu gidan gaskiya."

Aina'u ta daɗe tana kallon katin. Baba Idrisu ya ɗauka hotonsa take yabawa, har ya gyara hula.

Ta wuce kai tsaye ƙofar shiga, inda na'urar dangwala yatsa take a manne da bango, ta karɓi jerin lambobin ma'aikata a wurin mai gadi. Bakwai, Idrisu. Ta gangara da yatsa zuwa arba'in da ɗaya, ta ga Nura. Ta sake gangarawa zuwa casa'in da uku, ta karanta sunan, ta naɗe takardar ta sa a jaka.

Ɗakin kwamfutoci ƙanƙane ne, da manyan kwamfutoci biyu a kan kanta ɗaya. Nura na ganinta ya miƙe tsaye.

"Zauna, Nura. Ranar Juma'a in iyakwandishan ya mutu, me kake yi?"

Ya zauna. "Ɗakin yana zafi sosai, Anti. Sai in kashe guda ɗaya, in kwashe komai in mayar kan ɗayar."

"Kai ne ka gyara lambar sau biyu."

Bai musa ba. Ya ce Juma'ar farko ya dawo daga masallaci da wuri, ya ga arba'in da ɗaya, ya mayar. Ta biyu ma haka. Ta uku ya wuce ɗaurin auren abokinsa a Kumbotso, bai dawo ba sai bayan la'asar.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ɗauka kashewar da nake yi ce ta jawo. Ba wanda ya ba ni izini. Da aka ce Baba Ishaya ne, sai na..."

"Sai ka ji sauƙi," in ji ta. Ranta ya ɓaci, kuma ba ta ɓoye ba. "Jawo kujera. Za ka taya ni nemo shi, gobe kuma za ka faɗa da bakinka."

Ga yadda abin yake. Kwamfutar da ke sarrafa famfon asid ba ta da gangar jikin kanta. Tsohuwar manhaja ce da ta zo tare da injin, aka zaunar da ita a cikin babbar kwamfuta kamar ɗan haya. Masu sana'ar suna kiran babbar mai gida, ita kuma baƙuwa. A cikin baƙuwar nan aiki biyu ke gudana, na famfo da na dangwala yatsa. Kowane aiki yana ajiye lambobinsa a memori, wato ma'ajiyar kwamfuta, a adireshin da shi ya sani, amma ainihin wurin da suke kwance, zuciyar manhajar da ake kira kanel ce ke riƙe da jadawalinsa. Ita ke fassara adireshi zuwa ainihin wuri. Don sauri, kowace ɗaya cikin ƙwaƙwalen lissafi huɗu da ke yi wa baƙuwar aiki tana riƙe da 'yar takardar tuni ta adireshin da ta saba zuwa. In kanel ta matsar da kaya zuwa wani wuri, dole ta sanar da duka huɗun su yaga tsohuwar takarda.

Kamfanin da ya sayar da injin ya daɗe da rushewa, amma Nura ya tono faifan da suka bari a ƙasan durowa, da rubutun kanel ɗin a ciki. Aina'u ta cire mayafinta daga kafaɗa ta ɗaure ƙugu, ta shiga karatu. Sallah kawai ke tayar da ita. Wajen ƙarfe huɗu ta buga tebur a hankali.

"Zo ka gani. A nan ne kanel take duba ko ƙwaƙwalwar tana barci. In tana barci, ba ta tashinta, sai ta bar mata alama cewa in kin farka ki yaga takardarki. Ka ga duba daban, ajiye alama daban. In ta farka a tsakanin biyun nan fa?"

"Ba za ta ga alamar ba."

"Sai ta ci gaba da kai saƙo tsohon gida, alhali an zuba sabon ɗan haya. A sauran ranaku ba ta barci, memori kuma a wadace yake, ba a matsar da komai. Ranar Juma'a ka cusa kowa a kwamfuta ɗaya, wuri ya yi kaɗan, ana ta matsar da kaya, ƙwaƙwalen suna karɓa-karɓa. A daidai lokacin kuma mutum tamanin suna dangwala yatsa a ƙofa."

Nura ya dafe kai. Ita kuwa murmushi take yi, domin ta daɗe ba ta ga kuskure mai kyau irin wannan ba.

Ranar Alhamis da hantsi Alhaji ya tara kowa a filin duram. An kira Ishaya, ya zo da rigarsa ta zuwa coci, ya zauna a kan benci nesa da allon, hannuwansa a kan gwiwa. Ba wanda ya zauna kusa da shi. Aina'u ta sa aka cire bututun asid aka tsoma a ruwa, Baba Idrisu ya tayar da ƙaramin janareto, Nura ya kashe kwamfuta ɗaya.

"Mu ɗauka yau Juma'a ce," in ji ta. "Kowa ya je ya dangwala yatsa ya fita, ya zagayo ya sake shigowa. Ranka ya daɗe, ku ku tsaya nan ku sa ido a kan allon. Kada kowa ya taɓa."

Aka yi layi. Zagaye na farko, goma sha takwas. Na biyu, goma sha takwas. Mutane suka fara dariya, Malam Abdullahi ya ce ko wasan yara aka kira su. Gumi ya fara tsattsafo wa Aina'u, don ta san abin dace ne, yana iya ƙin zuwa yau. A tsakiyar zagaye na huɗu Alhaji ya matso da fuskarsa jikin allon.

"Hamsin da takwas," ya ce a hankali. "Ina kallo ta canza."

"Wa ke da lamba hamsin da takwas?" in ji Aina'u.

Ladidi mai shara ta ɗago katinta daga cikin layi. "Ni ce. Wallahi ni ko kunna abin nan ban iya ba."

"Ba ki yi komai ba, Iya. Na'urar ƙofa ce ta ɗauki lambarki, ta je ajiyewa, aka kai ta gidan da lambar asid take zaune." Aina'u ta ciro takardar daga jaka. "Juma'ar farko, arba'in da ɗaya, lambar Nura. Ya dangwala da ɗaya da minti biyu, a daƙiƙar da lambar ta canza. Ta biyu, bakwai, Baba Idrisu. Ta uku, casa'in da uku, da ɗaya da minti shida."

Ba ta faɗi sunan ba. Malam Abdullahi ya kai hannu kan katin da ke ƙirjinsa ya rufe shi, kowa kuma ya gani.

"Malam bai yi laifi ba, masallaci ya tafi," in ji ta. "Amma in lamba ce za ta kai mutum caji ofis, ranka ya daɗe, to ba ta Baba Ishaya ba ce a jikin fatun nan."

Nura ya fito ya faɗi nasa, bai rage komai ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce zai gan shi a ofis. Sannan ya taka da kansa har gaban bencin.

"Ishaya, an zalunce ka, kuma da hannuna a ciki. Ka dawo bakin aikinka gobe."

Ishaya ya miƙe. "Na gode, Alhaji." Ya bi ta tsakiyar mutane ya fita, suna ta buɗe masa hanya.

Gyaran kansa layi huɗu ne. Aina'u ta haɗe dubawa da ajiye alamar suka zama taki ɗaya da ba a iya shiga tsakaninsa, in kuma ƙwaƙwalwar ta riga ta farka, a tura mata sanarwa kai tsaye. Ta sake gina kanel ɗin, ta sa kwamfuta ta kwaikwayi dangwala yatsa sau dubu ɗari, lambar ba ta motsa ba. Duk da haka ta dawo ranar Juma'a, don ba ta yarda da gyara sai ta gan shi a ranarsa.

Da ɗaya saura kwata ma'aikata suka fara wanke hannu suna fita. Ishaya na tsaye a gaban duram na biyu cikin takalmin roba. Malam Abdullahi ya zo da dardumarsa a kafaɗa, ya tsaya, ya gyara tsayuwa, ya sake gyarawa.

"Ishaya."

"Malam, ku tafi, za ku rasa huɗuba."

"Ka yafe mini. Na yi gaggawa."

"Na yafe tun jiya. Allah ma muna yi masa laifi." Ishaya ya sa hannu a aljihu ya ciro takarda a ninke da biro. Ya ja layuka da hannunsa, ga gurbin kwanan wata, ga na lita, ga na sa hannu. "Sai dai daga yau, kafin ku fita, ku karanta lambar da idonku ku sa hannu a nan. In kun dawo ku sake karantawa. Ranar Lahadi ni ma zan yi muku haka."

"Haba, Ishaya. Ai an gyara injin. Ga Injiniya nan, ka tambaye ta."

"An gyara," in ji Aina'u daga inda take zaune.

"Na san an gyara," in ji Ishaya, yana miƙa biron. "Ba don injin ba ne."

Malam Abdullahi ya kalli takardar, ya kalli mutumin da suka shekara goma sha tara suna ci a kwano ɗaya. Daga nesa aka fara jin lasifikar masallaci. Ya sauke dardumar daga kafaɗarsa, ya duƙa kan allon ya karanta goma sha takwas, ya rubuta, ya sa hannu.